Wuƙar da Ta Ƙi Buɗuwa da Marubutan da Suka Ƙi Tambaya

 

Ga wata jarrabawa da muke so kowa ya yi wa kansa kafin ya ci gaba da karatu. A ce ƙaninka ya sayo sabuwar wuƙar aljihu, irin mai ninkewar nan, ya zo gida ya ja, ya sake ja, ta ƙi buɗuwa, har farcensa ya tsage. Shi yana Wudil, kai kana Legas. Rubuta masa saƙo da Hausa wanda in ya karanta zai gane abin da ke damun wuƙar, ya gyara ta ba tare da ya yanke hannu ba. Sharaɗin shi ne ba hoto, ba saƙon murya, kuma ba "abin nan na jikin abin nan".

Akwai waɗanda suka kammala littafi uku a waya, suka kwashe shafi goma suna zayyana falon Alhaji da akwatunan lefe, amma in aka ba su wannan ɗan aiki sai alƙalami ya tsaya cak. In ka matsa musu, sai su ce ai wannan ba adabi ba ne, ko su ce Hausa ce ba ta da kalmomin. Mu kuwa muna cewa duk wanda ba zai iya bayyana wuƙa ba, bai gama koyon bayyana mutum ba, domin ido ɗaya ne yake ganin su duka. Kuma laifin ba na Hausa ba ne.

Da yake gani ya kori ji, bari mu fara yin aikin, sannan a yi gardamar.

Wuƙar aljihu gaɓa ce da ita kamar gwiwar hannu. Akwai ruwan wuƙar, wato ƙarfen da yake da kaifi da tsini. Akwai ƙota, inda ake riƙewa, wadda kuma ita ce kuben da ruwan yake kwanciya a ciki. Akwai ƙusar da ta ratsa gindin ruwan ta haɗa shi da ƙotar, a kanta yake juyawa. Sai kuma abin da yake riƙe ruwan don kada ya buɗe ko ya rufe da kansa: a wasu wuƙaƙen sifirin ne da ya kwanta a gadon bayan ƙotar, a wasu ɗan ƙarfe ne a ciki da yake tokare gindin ruwan in an buɗe, a wasu kuma zobe ne da ake murɗawa ko ake ja. Duk taurin buɗuwa daga ɗaya cikin waɗannan wuraren yake fitowa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kafin komai, a kare hannu. In an samu ruwan ya ɗan ɗago, a naɗe kaifin da salatif ko tsumma mai kauri. Kada a sa haƙori, kada a ɓanɓare ta da tsinin wata wuƙar, domin ranar da ta saki, da ƙarfin da aka tara za ta saki, kuma yatsa ne a gabanta.

Abu na farko da za a zarga shi ne dauɗa. Masana'anta takan shafa wa sabuwar wuƙa giris don kada ta yi tsatsa a hanya. Wuƙar da ta yi watanni a jirgin ruwa, ta kwana a sito, ta zo ta zauna a faifan ɗan tireda tana shan ƙurar hunturu, giris ɗin nan ya riga ya bushe ya haɗu da ƙura da garin ƙarfen da injin ya bari, ya zama kamar ƙaro. Maganinsa wanki ne. A tsoma gaɓar a ruwan ɗumi mai sabulu, a riƙa buɗewa ana rufewa a ciki, a goge lungunan da tsohon burushin goge baki, a ɗauraye, a shanya ta a buɗe har ta bushe ƙarau. Kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, wanda Karl Elsener ya kafa tushensa a 1884, shawarar da yake ba masu wuƙaƙensa ke nan: ruwan ɗumi, bushewa, sai ɗigon mai. In ƙotar ta itace ce, kada a jiƙa ta. A ɗiga kananzir kaɗan a gaɓar ya narkar da giris ɗin, a goge tas, sannan a wanke ruwan wuƙar kaɗai da sabulu.

Na biyu, mai. A nan mutane da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Man gyaɗa da manja suna sa wuƙa ta yi santsi yau, amma bayan 'yan makonni sai su daskare su yi danƙo, su kama ƙura, a koma gidan jiya. Baƙin man inji kuwa bai dace da wuƙar da za ta yanka mangwaro ko nama ba. Man keken ɗinki ya isa ga wuƙar da ba ta taɓa abinci. Wadda take taɓa abinci kuma, a nemi farin man farafin ɗin nan da ake sayarwa a kantin magani, wanda ake sha don bushewar ciki. Ɗigo ɗaya a kowane gefen gaɓar ya wadatar, sauran a goge.

Na uku, ƙusar. A duba kanta da kyau. In tana da gurbin sukundireba, to sukuru ce, kuma sau da yawa a masana'anta an ɗaure ta fiye da kima. Yawancin na zamani gurbinsu mai siffar tauraro ne, irin sukundirebar da masu gyaran waya suke da ita. A nemi wadda ta zauna daram a gurbin, domin wadda ba ta yi daidai ba cinye kan za ta yi, daga nan kuwa an shiga uku. A sassauta kaɗan, bai kai rubu'in juyi ba, a gwada. Sai a buɗe wuƙar, a kama bayan ruwan a girgiza shi hagu da dama. In yana rawa, an wuce gona da iri, a ɗan mayar. Wurin da ake nema yana tsakanin tauri da rawa, kuma da haƙuri ake samunsa. In kuwa kan ƙusar shafe yake, an dandaƙe shi ne da guduma, to babu abin kwancewa. Irin wannan da yawan aiki take sakewa: wanki, mai, sai buɗewa da rufewa har ƙarafan su saba da juna. In ta ƙi, a kai wa maƙeri.

Na huɗu, itace. Ƙotar itace tana shan raɓa ta kumbura ta matse ruwan, shi ya sa wuƙar da take buɗuwa salin alin da rani sai ta ƙi da damina, balle a gari na bakin kogi irin Wudil. Wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Sabuwa na ƙasar Faransa a 1890, ta yi suna da wannan hali, har masu ita suka saba da buga ƙarshen ƙotar a kan tebur don tsinin ya ɗago a samu wurin kamawa. Maganin kumburi bushewa ne a inuwa mai iska na 'yan kwanaki, ba gashi a wuta ba.

Na biyar, sifirin. Wata wuƙar da gangan aka yi mata sifirin mai ƙarfi, don shi kaɗai ne yake hana ta rufewa a kan yatsun mai ita. Wanda ya sa magagari ya rage shi don ya ji daɗin buɗewa, ya sayi sauƙi ne da jininsa. A ɗiga mai a inda gindin ruwan yake gogar sifirin, a bar sauran ga lokaci.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne muhimmanci ga aljihu. A rufe wuƙar a duba ta daga sama. In ruwan ya karkace yana gogar gefe ɗaya har ya yi zane, kuma daidaita sukurun bai gyara ba, to aibi ne daga ƙira. A mayar wa mai kaya tun ba a kwance ta ba, don babu ɗan kasuwar da zai karɓi wuƙar da aka warwatsa. Kuma ko da wasa kada a sa ta a garwashi wai don ta saki. Taurin ruwan wuƙa daga ƙonawa da tsomawar da aka yi masa a ƙira yake. In wuta ta sake dafa shi har ya sauya launi ya yi shuɗi, ya yi laushi ke nan, ko an wasa ba zai riƙe kaifi ba.

To, jama'a, ga shi nan. A nuna mana inda Hausa ta gaza.

Masu cewa "babu kalmomin" sun kasu biyu. Na farko su ne waɗanda in sun zo wurin da ba su san sunan abu ba sai su jefa Turanci su wuce, kamar mai tsallake kwata. Na biyu su ne masu zama a ɗaki su ƙirƙiro wata doguwar kalma da babu wanda ya taɓa ji, su ce ita ce Hausa tsantsa. Dukkansu cuta ɗaya ce take damunsu: ƙyuyar tashi a je a tambayi mai sana'a. Maƙeri yana da uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi da magagari. Mahauci ya san bambancin wuƙar yanka da ta fiɗa. Wanzami yana da askarsa da zabirarsa. Bakanike kuwa ya daɗe da hausantar da abin da ya zo masa daga waje: sifirin, giris, noti, sukundireba, fulogi. Waɗannan kalmomi Hausa ce, domin bakin Bahaushe ya tauna su ya ba su siffarsa, kamar yadda ya yi wa sabulu da alƙalami da mota tun kafin a haife mu. Wanda ya ƙi "sifirin" don wai baƙuwa ce, sai ya fara da mayar da "littafi" ga masu ita.

G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934, Bature ne, amma ya kwashe shekaru yana bin garuruwan Hausa yana tattara kalmomi daga bakin masu su. Mu da aka haifa a cikin harshen, maƙera tana bayan gidanmu, wane uzuri gare mu?

Masu cewa "wannan ba adabi ba ne" kuma, sai mu tambaye su wa ya yanka musu iyakar. Kowa a nan yana alfahari da gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Amma Abubakar Imam ɗin da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗu da East suka rubuta Ikon Allah, littafin da yake bayanin halittu da kimiyya da Hausa. Shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, inda dole ya yi wa manomi da ɗan kasuwa bayanin yaƙin duniya da abubuwan da ba su taɓa gani ba. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci a kan noma da tsafta da sana'a. Magabatan nan ba su ga ƙasƙanci a rubutun bayani ba. Hasali ma, muna da yaƙinin cewa tsabtar jimlar Imam a labari da tsabtarta a bayani daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Mutumin da ya saba rubuta abin da in an yi kuskure a cikinsa wani zai cutu, ba ya sakin jimla sakaka.

Abin da rubutun bayani yake koya wa mai ƙirƙirar labari ke nan. Yana koya masa jeri, don in ka ce a ɗiga mai kafin ka ce a wanke, ka ɓata aikin. Yana koya masa aikatau na gaskiya, don sassautawa daban, kwancewa daban, ɓanɓarewa daban. Yana kuma koya masa tunanin mai karatu, wanda ba ya gabanka balle ka nuna masa da hannu. A labarin soyayya za ka iya rubuta shafi guda na surutu, mai karatu ya yi maka uzuri ya wuce. A bayanin wuƙa babu uzuri, ko ta buɗu ko ta ƙi.

Kada wani ya juya mana magana ya ce muna yaƙi da littattafan soyayya. Adabin kasuwar Kano, da irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, shi ya riƙe karatun Hausa a hannun matasa da matan aure lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Wanda ya raina wannan bai san tarihi ba. Ƙorafinmu shi ne an mayar da ɗaki ɗaya ya zama gidan duka. Kuma ko a cikin labaran, rashin sanin kayan aiki yana tona asiri. Jarumi mahauci ne a babi na ɗaya, amma har littafin ya ƙare ba mu ga ya wasa wuƙa ba, ba mu ji ƙarnin kwata ba, ba mu san ƙarfe nawa yake tashi ba. An dai liƙa masa sana'a kamar lambar mota. Mai karatun da ubansa mahauci ne yana gani zai san marubucin bai taɓa zuwa wurin ba, daga nan kuma ya daina yarda da sauran abin da aka gaya masa, har da hawayen jarumar.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya cancanci a saurare shi da kyau. Wani zai ce, a Kanon da ake fama da faɗan daba da ƙwacen waya, ina hikimar koya wa mutane gyaran wuƙa? Tambaya ce ta mai hankali, kuma duk wanda ya san gidan da aka yi rashi ta wannan hanya ba zai yi mata dariya ba. Amma a duba da kyau. Ɗan daba bai taɓa jiran maƙala ba kafin ya ɗauki makami. Wanda yake buƙatar bayanin shi ne masuncin da zai yanke igiyar koma, da makiyayi, da mai rake, da mai gyaran wuta, da magidancin da zai taya fiɗa ranar layya. Sannan wa ya mayar da wuƙa makami zalla a tunanin yara? A labaranmu da finafinanmu, wuƙa ba ta fitowa sai za a soki wani. Yaron da ya tashi bai taɓa karanta inda wuƙa take ciyar da gida ba, abu ɗaya kawai ya san ana yi da ita. Marubucin da ya nuna ta a hannun mai neman halak ya fi wanda ya ɓoye ta taimakon al'umma.

Masu cewa "ba mai karantawa" kuwa, su zo Wudil ranar Juma'a. Su tsaya a kan gada su ga motocin shanu suna fita daga kara, su shiga cikin kasuwa su ga maƙera da mahauta da dukawa da masu kifi. Akasarin matasan da suke wurin da waya a hannunsu, kuma suna karanta Hausa. Wa yake rubuta musu abin da ya shafi abincinsu? A garin nan akwai jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Dangote a 2022. Ilimin ƙarfe da inji yana cikin ajujuwanta da Turanci, gwanintar hannu tana kasuwa da Hausa, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a babur, amma babu mai kai saƙo. Waɗanda muka bi ta kwalejojin fasaha mun san yadda ɗalibi yake haddace sunan abu da Turanci ya ci jarrabawa, ya zo gida ya kasa yi wa mahaifinsa bayanin abin da ya karanta. Wannan giɓi aikin marubuci ne, ba na kowa ba. In ba mu cike shi ba, wasu za su cike shi da fassarar inji, wadda take kiran ruwan wuƙa da sunan da ko maƙeri ba zai gane ba.

Dubi yadda wasu suka riƙe tarihin kayansu. An san cewa wuƙar Okapi a Jamus aka fara ƙera ta a 1902 don kasuwannin Afirka, kuma an mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. An san Douk-Douk ta garin Tiyar na Faransa tun 1929, da yadda ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka. An san waɗannan ne don wani ya zauna ya rubuta. Wuƙar da ake ƙerawa a garuruwanmu, a yi mata kube na jar fata a kai Kasuwar Kurmi, wa ya rubuta yadda ake yin ta daga ƙarfe har zuwa kube? Duk tsohon maƙerin da ya rasu, da kalmominsa ake binne shi, kuma babu gasar da za ta dawo da su.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba da wasa muke ba. Ga ƙungiyoyinmu na marubuta: a duk zaman karatu na wata, a ware gurbi ɗaya na rubutun bayani, a yi masa sharhi da tsananin da ake yi wa waƙa da gajeren labari. Ga masu shirya gasa: ku buɗe rukunin da ba na ƙirƙira ba, ko da kyautar katin waya ce. Ga masu gyaran rubutu: in marubuci ya ba jaruminsa sana'a, ku tambaye shi sunayen kayan aiki biyar na sana'ar, in ya kasa ku mayar masa da rubutunsa.

Ga ku kuma sababbin marubuta, aikin wannan makon. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake lalacewa a gidansu: zip ɗin da ya ƙi ja, keken ɗinkin da yake tsinka zare, kwaɗon da ya ƙi karɓar mukulli, fitilar da take lumshewa. Ya je wurin mai gyaransa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce "Baba, koyo na zo yi", ya zauna ya kalli hannunsa, ya rubuta kalmomin da ya ji yadda aka faɗe su. Sannan ya rubuta bayani da bai wuce kalma 300 ba, ya ba wanda bai san aikin ba ya bi shi daki-daki. In abin ya gyaru, a kawo mana rubutun. In bai gyaru ba, a koma wurin Baba, matambayi ba ya ɓata.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa. Amma ya fara cin jarrabawar tukuna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mako mai zuwa in Mai Duka Ya kai mu.